Ruwan da aka rufe ba ya nuna zafinsa

Wani yaron unguwarmu ya samu aiki a wata masana'antar casar shinkafa da ke Sharada, aka ajiye shi ɗakin boila yana taya mai kula da wuta. Bai rufa mako biyu ba ya tare ni a ƙofar masallaci bayan sallar isha'i. Ya ce, "Baba, a makaranta an ce mana ruwa a digiri 100 yake tafasa. To ni boilar da nake zuba wa buntu 170 ma'auninta ke nunawa, kuma ga ruwa nan ina kallonsa a gilashi, kwance abinsa. Malamanmu ne suka yi kure, ko ma'aunin ne ya lalace?"

Na ce masa malamansa ba su yi kure ba, ma'aunin ma lafiyarsa ƙalau. Rabin zancen aka ba shi a aji, ɗaya rabin kuwa shi ne ke ƙona mutane a wurin aiki. Tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai. Daga Bompai zuwa Sharada har Challawa, da wuya ka shiga masana'antar da ba a dafa ruwa ko sanyaya shi: masu turara shanshera, masu tatsar man gyaɗa, masu rini, majema, masu alewa, masu roba. Ga direbobin manyan motoci da ke jiran lodi a bakin get, ga masu abinci da ke ciyar da ma'aikata, ga masu ƙanƙara. Don haka bari in amsa a fili kowa ya ɗauki nasa.

Tafasa kokawa ce

Iskar da ke kanmu tana da nauyi, ba ma jinsa ne kawai don a cikinsa aka haife mu. A bakin teku, kamar Legas, tana danna duk wurin da ya kai faɗin farcen ƙaramin yatsa da nauyin kusan kilo ɗaya. Shi ake kira matsi. Awon da ke rubuce a yawancin gejin masana'anta, wato bar, da shi ya yi daidai: bar ɗaya, kusan nauyin iskar nan ke nan.

Ruwa in ya ɗauki zafi so yake ya tashi ya zama tururi, iska kuma tana danne shi. Sai ƙarfin tururin ya kai ƙarfin abin da ke danne shi sannan ka ga tukunya ta fara ɓararraka. In aka sassauta dannin, ruwa ya tafasa da wuri. In aka ƙara, sai ya yi ta haɗiyar zafi bai motsa ba.

Digiri 100 ɗin nan na bakin teku ne. Duk hawan da ya kai kusan mita 300, digiri ɗaya ke raguwa. Kano ta ɗara teku tudu da wajen mita 480, saboda haka butar mai shayinmu a digiri 98 da 'yan kai take tafasa. A Jos, inda tudu ya kai wajen mita 1,200, a 96 ne. A ƙololuwar dutsen Everest kuwa wajen 70 ne, mai dafa wake a can sai ya kwana a gindin murhu.

Mai son gani da ido ya nemi sabon sirinji marar allura, ya zuƙi ruwa mai ɗan zafi zuwa rabi, ya fitar da iskar ciki, ya toshe bakin da yatsa, sannan ya ja hannun da ƙarfi. Ruwan zai tashi da kumfa yana tafasa, ba wuta ba gawayi. Da ya saki sai ya kwanta. Da wannan dabarar masana'antun sukari da madara da alewa ke aiki: su zuƙe iskar tukunya, ruwan ya ƙafe a zafi kaɗan, kayan ba su ƙone ba.

Boila ita ce akasin sirinjin. Tukunya ce a rufe ruf, tururi ba shi da hanyar fita, sai ya taru a sama ya danne ruwan. Ga lissafin da ya kamata kowane mai boila ya haddace. Geji na kan bar 1, wato ƙarin bar ɗaya a kan nauyin iska, ruwan ciki digiri 120 ne. Bar 3, digiri 144. Bar 7, digiri 170. Bar 10, digiri 184. Yaron nan boilarsu a bar 7 take aiki, shi ya sa ya ga 170. Kuma haddar tana da rana: duk ranar da ka ga geji da ma'aunin zafi sun yi hannun riga, to ɗayansu ƙarya yake yi, ko kuma iska ta maƙale a ciki. Ka faɗa wa maigidanka kafin ka ƙara wuta.

Ga mai boila

Abin tsoro a boila ba tururin da ke sama ba ne kaɗai, ruwan da ke kwance a ƙasa ya fi shi. Ruwa mai digiri 184 matsi ne kawai ya riƙe shi. In ƙarfe ya tsage matsin ya tafi, ba zai jira ba. A cikin ton ɗaya na irin wannan ruwan, kusan kilo 160 za su koma tururi nan take, kuma kowace lita in ta zama tururi tana neman wurin lita 1,600 ko fiye. Tururin da zai cika ɗaki mai tsawon mita 10, faɗin mita 9, tsayin mita 3 ke nan, cikin ƙiftawar ido. Abin da ke ɗaga rufin kwano ya jefar da bango ke nan. Saboda haka:

Na ɗaya, gilashin ruwa shi ne idonka. Da ka karɓi aiki, kafin gaisuwa ta yi tsawo, ka hura shi: ka buɗe ɗan famfon ƙasa ruwan ya zube, ka rufe, ka ga ya dawo da hanzari. In ya dawo a kasalance, ko ya tsaya cik ba ya ɗan rawa alhali boila na aiki, hanyar ta toshe, abin da kake gani tsohon ruwa ne.

Na biyu, in ruwa ya ɓace daga gilashi ba ka san tun yaushe ba, kada ka kunna famfon ɗura ruwa. Nan ne gaggawa ke kisa. Ƙarfen da ruwa ya janye daga kansa yana iya yin ja, ruwan sanyi na taɓa shi zai yi tururi mai yawa lokaci guda, ƙarfen kuma ya tsage. Ka kashe wuta, ka tsayar da iskar hurawa, ka janye mutane, ka bar ta ta huce da kanta, sannan a duba.

Na uku, bawul ɗin kariya, wanda ke yin ihu in matsi ya wuce iyaka, ba a ɗaure shi da waya, ba a ɗora masa ƙarfe, ba a ƙara masa tauri don ana son aiki ya yi sauri. In yana yawan ihu, magana yake yi maka: wuta ta yi yawa ko geji ya lalace. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa kowace boila bawul ɗin nan da geji da ma'aunin ruwa, ta kuma wajabta a riƙa kawo mai duba boila da hukuma ta amince da shi lokaci-lokaci. Ma'aikaci yana da damar tambayar yaushe aka yi dubawar ƙarshe.

Na huɗu, ka buɗe tururi a hankali. Bututun da ya kwana a sanyi yana tara ruwa. In ka murɗa bawul gaba ɗaya, tururi zai kwashi ruwan ya maka shi a kwana kamar an buga guduma. Ƙarar da kake ji gaf-gaf da safe ke nan, kuma tana fasa mahaɗa. Ka fara zubar da ruwan da ya taru, ka ɗan buɗe bututu ya ɗumama, sannan ka ƙara. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyar, ka kula da irin ruwan da kake ba ta. Leƙa gindin butar da ta daɗe tana dafa ruwan rijiya, za ka ga farin ɓawo ya manne. Shi ke taruwa a jikin bututun boila in ana ɗura mata ruwan burtsatse ba tacewa. Ɓawon yana shiga tsakanin wuta da ruwa, sai makamashi ya ƙaru, ƙarfe kuma ya yi zafin da ba a gina shi dominsa ba. A kula da na'urar tausasa ruwa, a ba ta gishirinta, a riƙa zubar da laka ta bawul ɗin ƙasa bisa ƙa'idar da maƙeran boilar suka rubuta.

Na shida na masu kamfani ne, tunda maganar kuɗi ce. Wutar da za ta ɗauki lita ɗaya daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa, sai an ninka ta fiye da sau biyar kafin litar ta koma tururi duka. Duk inda ka ji tururi na tsiyaya fiii a mahaɗa, dizal ne ko gas ko buntu ke bin iska. A ɗaure mahaɗa, a naɗe bututu da abin riƙe zafi, a maido da ruwan zafin da ya sauko daga tururi cikin tankin boila maimakon a sake shi a kwata. Sai dai a ɗaga tankin sama da famfo sosai. Famfo zuƙa yake yi, zuƙa kuwa rage matsi ce, ruwan zafi sai ya tafasa a bakinsa kamar na sirinji. In ka ji famfo na ƙara kamar yana tauna tsakuwa, sau da yawa dalilin ke nan.

Ga direba da yaron mota

Lagireto ƙaramar boila ce. Murfinsa ba marfin jarka ba ne, bawul ne da ke riƙe matsi kusan bar 1, don ruwan inji ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Na taɓa tsayawa a bakin wani get a Challawa da azahar, wata gingimari ta iso tana huci. Yaron motar ya hau, ya naɗe hannu da tsumma, direban na ce masa daga ƙasa, "Kai, bari ta huce!" Ya ce, "Oga, ai ba ta tafasa, shiru take." Ya murɗa. Ruwan da ke shiru ya taso kamar an harbo shi, ya wanke masa hannu har gwiwa. Shirun da ya ji, murfin ne ya sa shi.

Kada a buɗe sai inji ya huce, babban tiyon sama ya yi laushi in an matsa shi. Ko a lokacin a ɗora tsumma mai kauri, a kau da fuska, a murɗa kaɗan iska ta fita, sannan a cire. In mota na yawan tafasa ba dalili, a fara duba murfin, don in robarsa ta mutu matsi ba zai tsaya ba. Kada a sheƙa ruwan sanyi a injin da ya yi zafi ya bushe. Kuma ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa ba na ƙasashen sanyi kaɗai ba ne, yana hana tsatsa, yana ɗan ɗaga zafin tafasa. Duk wannan ya shafi babban janareta ma.

Ga mai abinci

Hajiya mai abincin bakin kamfani, ga taki. Da zarar tukunya ta tafasa, ƙarin wuta ba ya ƙara mata zafi ko digiri ɗaya. A Kano tana nan a 98 ko kin zuba mata itacen duniya, ruwan ne kawai zai ƙone da sauri. Ki rage wuta ta tsaya a tafasa mai laushi, ki rufe murfi. Gishirin miya ma ba ya sa ruwa saurin tafasa, sai kin narkar da kusan giram 58 a lita ɗaya kafin zafin tafasa ya ɗaga da digiri ɗaya, wannan kuwa ba mai iya ci.

Mai son wake ko ganda ko ƙafar saniya su nuna da wuri, tukunyar matsi ce maganinsa, mai murfin kulle da usur a ka. Tana kai ruwa kusan digiri 120, shi ya sa take rage lokaci da gas. Ba sabon abu ba ce: wani Bafaranshe, Denis Papin, ya ƙera irinta a Landan a 1679, kuma daga gare shi aka samo bawul ɗin kariya. Ƙa'idarta uku: kada cikawa ta wuce kashi biyu cikin uku, wake kuwa rabi don yana kumfa, a leƙa ramin usur kafin a rufe a ga bai toshe ba, kada a tilasta murfi sai hucin ya ƙare.

Ga mai ƙanƙara

A nan labari ya sha bamban. Daskarewa ba ta cika damuwa da matsi ba: sai an danne ruwa da fiye da bar 100 kafin ta gusa da digiri ɗaya. Ko a Legas, ko a Kano, ko a Jos, ruwa mai tsabta a sifili yake daskarewa. Abubuwan da ke juya ta su ne lokaci, da wuri, da abin da aka narkar a cikin ruwan.

Lokaci tukuna. A watan Afrilu, zafin Kano na haura digiri 40, ruwan tanki na iya kai 30. In ka kasa aikin injinka kashi 110, kashi 30 ne kacal na sauko da ruwan zuwa sifili, kashi 80 na mai da shi ƙanƙara ne. Shi ya sa leda ke yin sanyi da wuri sannan ta yi zaune kamar inji ya daina aiki. Aiki yake yi, kada ka yi ta buɗe murfi kana latsawa. Ka ɗura ruwan da ya kwana a inuwa, ba wanda ya wuni a baƙin tanki a rana ba. Kada ka danƙara firiza har baki, ka bar tsakani sanyi ya zagaya, musamman in wutar awa kaɗan kake samu, gara leda hamsin da suka ƙanƙare da ɗari masu ruwa a ciki. Ƙanƙara daga waje take kamawa zuwa ciki, don haka mai saye ya girgiza leda a kunne, in ya ji motsi bai sayi cikakkiya ba.

Sai wuri. Yawancin abubuwa tsukewa suke in sun daskare, ruwa kuwa kumbura yake da kusan kashi 9 cikin 100. Ka bar kashi ɗaya cikin goma na leda ko gora ko gwangwani ba ruwa. Kwalbar gilashi kuwa kada ta kwana a firiza.

Sai gishiri. Masu injin bulon ƙanƙara suna tsoma gwangwanaye a tankin ruwan gishiri ne domin shi yana sauka ƙasa da sifili bai daskare ba. In gishiri ya kai kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, sai wajen digiri 6 ƙasa da sifili yake kamawa. In ya kai kashi 23, sai digiri 21 ƙasa da sifili, kuma daga nan ƙari ba ya ƙara komai, asarar gishiri ce. In ya tsinke, shi kansa zai daskare a jikin bututu ya hana sanyi wucewa. A sayi ɗan ma'aunin kaurin ruwa, ya fi ɗanɗanawa da harshe. A riƙa duba gwangwani, don in ya huje gishiri zai shiga, bulon ya ƙi kamawa, ya yi ɗanɗano. Sukari ma haka yake yi, shi ya sa zoɓo da kunun aya ke daɗewa fiye da ruwa, kuma suna saurin narkewa.

Abin mamaki, ƙanƙarar ma da tafasa ake yin ta. Gas ɗin da ke cikin firiza ruwa-ruwa ne, ana sakar masa matsi ya tafasa cikin sanyi ya kwashe zafin ledojinka, kwamfireso ya sake danne shi, ya zubar da zafin ta ragar baya. In ƙurar hunturu ta lulluɓe ragar, ko an manna ta da bango, ko rana na dukanta, zafin ba shi da wurin zuwa, inji ya yi ta nishi ba sanyi. Kafin azumi ko bazara, a share ta, a janye ta daga bango. A kankare dusar sanyin da ta yi kauri a ciki. In kaya sun fito, a lulluɓe su da buhu da garin katako a inuwa.

Magana ɗaya ta amana: sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai yake yi, in ƙanƙara ta narke su farka. Tafasa ce ke kashe su, kuma 98 ɗin Kano ta isa in ruwa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Ƙanƙarar da za ta shiga kofin mai buɗa baki, da ruwan da kai za ka iya sha za a yi ta.

In an ƙone

Ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi muni, don zafin nan ninki biyar da ya haɗiye a kan fata yake sauke shi. A sa wurin ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi na tsawon minti 20. A cire zobe da agogo kafin kumburi. Tufafin da ya manne kada a ɓamɓare shi. Ban da ƙanƙara, don tana ƙara lalata fata, ban da man goge baki, ban da manja, ban da ɗanyen ƙwai ko baƙin mai. Kada a fasa bororo. A rufe da ƙyalle mai tsabta. In ƙunar ta fi tafin hannu girma, ko ta shafi fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, asibiti kai tsaye.

Yaron nan ya sake tare ni bayan kwanaki, da 'yar takarda a aljihu ya rubuta lambobin nan huɗu. Ya ce ya nuna wa maigidansa, tsohon ya yi dariya ya ce shi shekara da shekaru da kunne yake gane su. Na ce, "To ka riƙe takardarka har kunnenka ya kai nasa. Kuma kullum ka shiga, gilashi tukuna, geji na biyu, sannan wuta." Ya ce in sha Allahu. Allah ya tsare mana ma'aikatanmu, ya sa kowa ya koma gida da fatarsa.